Yaya zan tuna wa abokin aikina abin da muka tsayar ba tare da ya ji haushi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. A taron ofishinmu na watan jiya an amince cewa wani abokin aikina, wanda ya girme ni a shekaru da muƙami, zai miƙo mini alƙaluman sashensa kafin in kammala rahoto. Lokaci ya ƙure, shi kuma yana nuna kamar ba a taɓa yin maganar ba. Ina jin nauyinsa, ga shi kuma ni za a tuhuma idan rahoton ya makara. Mene ne abin yi?

Daga wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Da farko ki kyautata masa zato, domin mantuwa ta fi ganganci yawa a irin wannan lamari. Tun a shekarar 1885 masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da mutum ya koya ya fi saurin zubewa a sa'o'in farko, balle maganar da aka yi a ƙarshen doguwar ganawa, kowa ya ƙosa ya tashi.

Abin da ke sa tunatarwa ta yi ɗaci shi ne a ɗora ta a kan mutum maimakon a kan aiki. "Ai na gaya maka" da "ka manta ne?" duk tuhuma ce, kuma wanda aka tuhuma kare kansa zai fara yi kafin ya tuna da alƙaluma. Ki same shi a keɓe, ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki ce: "Yallaɓai, game da rahoton nan, a fahimtata an tsayar a taro cewa alƙaluman sashenku za su iso kafin in kammala shi. Ko akwai abin da zan taimaka da shi don su samu zuwa Alhamis?" Kin ambaci matsayar, kin sa rana, kin kuma bar masa ƙofar gyara ki idan ke ce kika ji ba daidai ba, wanda hakan ma yana faruwa.

Kada ki yi wannan magana a zauren WhatsApp na ma'aikata ko a gaban na ƙasa da shi, domin gaskiyarki ba za ta wanke masa kunyar ba.

Bayan kun rabu, ki aika masa gajeren saƙon imel na godiya da ke maimaita abin da kuka amince da ranar da aka sa. Idan sakatare ya rubuta bayanan taron, ki haɗa da su ba tare da wani sharhi ba. Nan gaba kuma ki riƙa aika irin wannan taƙaitawa a ranar da aka tashi taro.

Idan Alhamis ta wuce shiru, ki sanar da shi cewa za ki shaida wa shugaban sashenku dalilin jinkirin, sannan ki je ki shaida, kina bayani a kan abin da rahoton ke jira kawai.