Na ƙera babbar wuƙa: me masana za su duba idan na nuna musu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ƙera wata babbar wuƙa da hannuna daga sifirin ɗin mota. Ruwanta ya kai santimita 30, ƙotarta ta katako ce, na kuma ɗinka mata kube na fata. Ina so in kai ta wurin abokai masu sha'awar wuƙaƙe, cikinsu har da waɗanda suka daɗe a ƙira. Me za su fi dubawa, kuma yaya zan gabatar da ita kada in ji kunya?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban wuta yana dukan ƙarfe mai tsawon nan ya san ba ƙaramin aiki ka yi ba. Amma ka sa a ranka cewa girmanta zai ja ido na ɗan lokaci ne kawai. Da zarar ta shiga hannun wanda ya san sana'ar, tambayarsa ta farko ita ce: yaya ka gasa ta?

A nan ne ingancin wuƙa yake, kuma ido ba ya ganinsa. Sifirin ɗin mota galibi daga dangin ƙarfen da ake kira 5160 yake, mai sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan sinadarin kuromiyam. Ƙarfe ne mai juriya, shi ya sa maƙera suke son sa don wuƙaƙen sara. Sai dai ba kowane sifirin ne 5160 ba, don haka ka ce musu "sifirin ne" kawai, kada ka laƙaba masa lambar da ba ka tabbatar ba. Irin wannan ƙarfe ana kai shi wajen digiri 830 a ma'aunin Salshiyas, wato a ɗan wuce inda mayen ƙarfe yake daina kama shi, wajen digiri 770, sannan a tsoma shi a mai. Idan ya fito, magagari zai riƙa zamewa a kansa maimakon ya ci. A wannan hali yana da tauri amma yana iya tsagewa kamar gilashi, sai an mayar da shi zafi mai sauƙi, wajen digiri 200, na awa biyu, sau biyu. Babbar wuƙar sara an fi son taurinta ya tsaya tsakanin 56 da 59 a ma'aunin Rockwell. Idan ya wuce haka sosai, bakin zai riƙa ɓantarewa. Idan ya yi ƙasa, zai lanƙwashe ya dakushe da wuri.

Ka tafi da wannan bayani a bakinka. In da ido ka auna zafin, ka faɗa. Ban taɓa ganin maƙeri na ƙwarai ya raina mai ƙarancin kayan aiki ba, amma mai ƙarin gishiri nan da nan ake gane shi.

Bayan haka za ka ga masanin ya ɗora ta a kan yatsa yana neman inda nauyinta ya daidaita. A wuƙar sara, wurin yakan kasance 'yan santimitoci gaban ƙota. In ya yi nisa can gaba, wuyan hannu zai gaji tun aiki bai yi nisa ba. Sai ya juya ta ya leƙa bayanta daga ƙota zuwa tsini da ido ɗaya: shin a miƙe take, ko ta karkace wajen tsomawa? Kaurin bayan yana raguwa a hankali, misali daga milimita 6 a gindi zuwa 2 ko 3 kusa da tsini? Wannan raguwar ce take sa babbar wuƙa ta yi sauƙi a hannu, kuma a ganina ita ce take bambanta wanda ya ƙera wuƙa da wanda ya wasa wa falankin ƙarfe baki. Zai kuma bi mahaɗar ƙota da ƙarfe da farce. Ko siririyar kafa ya samu, ya san ruwa zai shiga, tsatsa ta biyo baya. Zai tambaye ka iya inda wutsiyar ƙarfen ta kai a cikin ƙota, domin a wuƙa mai nauyi gajeriyar wutsiya hatsari ce.

Gani ya kori ji, saboda haka ka gwada ta kafin ka fita da ita. Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wadda maƙeri Bill Moran da abokansa suka kafa a 1976, tana da jarrabawa sananniya: a yanke igiya mai kaurin inci ɗaya tana reto da sara ɗaya, a sare katako mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu har sau biyu, sannan bakin ya aske gashin hannu ba tare da an sake wasawa ba. A ƙarshe a ɗaure ruwan wuƙar a lanƙwasa shi kusurwar digiri 90 bai karye ba. Ka yi ukun farko a gida. Na ƙarshen ka bar shi, don wuƙar da aka yi wa shi ta gama aiki.

A wurin taron, kada ka zare ta kana kaɗawa. Ka shimfiɗa ƙyalle, ka ajiye ta bakinta na kallon inda ba kowa, mai son dubawa ya ɗauka da kansa. Ka riƙe wani ƙyallen mai ɗan mai a kusa, domin gumin yatsa yana barin tabo a irin wannan ƙarfe cikin ɗan lokaci. Ka kuma bincika dokar inda kake game da ɗaukar wuƙa mai wannan tsawo, ka kai ta a naɗe cikin jaka.

Kuben ma za a duba shi. Ya kamata a sa ƙarin tsirin fata tsakanin ɓangarorinsa biyu ta gefen kaifi, don kada bakin ya yanke zaren ɗinki. Idan ka dawo gida, ka cire ta daga ciki, ka goge, ka shafa mata mai, ka ajiye su daban, domin fata tana riƙe danshi.