Hukuncin Sauka a Masaukin Iyali a Kan Tsaunin Mambila

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne daga Gombe, nakan hau tsaunin Mambila a jihar Taraba domin sayen piya. Ƙauyen da nake zuwa yana can gaba da Nguroje, kuma babu otal sai gidan wani magidanci Kirista da ya ware ɗakuna biyu yana saukar da baƙi da kuɗi. Matarsa ce ke dafa abinci, shi kuma yakan wuni a gona. Ga sanyi mai tsanani. Shin saukata a nan ta halatta, kuma yaya zan yi da abinci da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, saukarka a wannan gida halal ce, domin abin da ke tsakaninka da maigidan haya ce, kuma bambancin addini ba ya ɓata haya ko ciniki. Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar sun ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ jagora da lada a tafiyar hijira alhali yana kan addinin mutanensa. Abin da ake nema shi ne ku yanke kuɗin kowane dare tun kafin ka ajiye kayanka, ku kuma fayyace ko abinci yana ciki, saboda rashin sanin lada yana ɓata haya, kuma shi ne yakan jawo rigima ranar tafiya. Kada ka ɗauka cewa hadisin da ya ce baƙo yana da haƙƙin liyafar kwana uku ya ba ka damar rage musu haƙƙi. Mutanen da suka mai da saukar baƙi sana'arsu, kuɗinsu bashi ne a kanka.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne wannan: wurin da kake sauka gidan mutane ne kafin ya zama masauki. Allah ya ce a Suratun Nur, aya ta 29, babu laifi a shiga gidajen da ba na zama ba waɗanda ake da wani amfani a cikinsu, kuma malaman tafsiri sun kawo cewa masaukan matafiya da ke kan hanya suna ciki. Wannan sassauci ya shafi ɗakin da ka kama ne kawai. Madafa da tsakar gida da ɗakunan iyali suna nan a ƙarƙashin aya ta 27, wadda ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Matafiya da yawa suna kuskure a nan, suna ganin tunda sun biya kuɗi, gidan duka ya zama nasu, sai ka ga baƙo ya faɗa madafa neman ruwan zafi ba tare da ya tsaya a bakin ƙofa ya yi magana ba. Kasancewar matar ba Musulma ba ce bai rage komai daga mutuncinta ba, bai kuma ɗauke maka wajabcin runtse ido ba.

Daga nan ne maganar keɓancewa ta taso. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana namiji ya keɓe da mace sai tare da muharraminta. Keɓancewar da aka hana ita ce ku kasance ku biyu a inda ba a ganinku kuma ba a tsammanin shigowar kowa. Idan ta miƙo maka abinci a bakin ƙofa, ko ta ajiye a baranda inda 'ya'yanta da maƙwabta ke kai da komo, wannan ba keɓancewa ba ce. Amma idan maigida ya tafi gona, yara sun tafi makaranta, gidan kuma shi kaɗai ne a gefen dutse, to ka fita zuwa harkarka, ko ka zauna a ɗakinka, kuma kada ta shigo shara ko gyaran gado kana ciki. Idan ya kasance maigidan zai kwana a wani gari kuma babu wani babba a gidan, abin da nake gani shi ne ka nemi kwana wajen limamin ƙauyen ko wani daga cikin Fulanin yankin, sai fa idan dare ko ruwan sama ya sa fita ta zama haɗari ga rayuwarka, a nan ka rufe ƙofarka ka kwana babu laifi a kanka.

Game da abinci, duk abin da ba nama ba ne, kamar tuwon masara da wake da dankali da madara da shayi, ka ci ba tare da bincike ba. Shi kuwa nama, Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta yankan Ma'abota Littafi, wato Yahudu da Kiristoci, sai dai malamanmu na Malikiyya sun ƙara da cewa idan mai yankan yana cikin masu cin mushe, to sai ya yanka a gaban Musulmin da ya san yanka. Mafita mai sauƙi ita ce ka roƙi maigidan cikin ladabi ya bar ka ka yanka kazar da hannunka, ko a sayo nama wajen mahauta Musulmi a kasuwar Nguroje ko Gembu. Idan ka san suna dafa alade a tukwanensu, hadisin Abu Sa'alaba al-Khushani ya ba da hukunci: in akwai wasu tukwanen a yi amfani da su, in babu a wanke waɗannan a ci a ciki.

Sallarka ta matafiyi ce, domin tafiyar ta wuce mil 48 da Malikiyya suka ƙayyade, wato wajen kilomita 80. Idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ka cika salla tun daga isarka, idan kuwa ƙasa da haka ne sai ka yi ƙasaru. Akwai yanayin da masu hawa Mambila da damina suka sani, inda hanyar da ta sauko zuwa Serti takan lalace, mutum ya yi ta jiran mota yana cewa yau ko gobe. Mai wannan hali yana ci gaba da ƙasaru ko da kwanakin sun yi yawa, kuma an ruwaito cewa Abdullahi bin Umar ya yi wata shida a Azarbaijan yana ƙasaru lokacin da dusar ƙanƙara ta tare musu hanya. Alƙibla daga wannan yanki tana gabas tare da karkata zuwa arewa, kuma ɗakinka wurin salla ne muddin babu najasa a inda za ka shimfiɗa darduma.

Saura sanyi. Gaskiya ne Amru bin al-As ya yi taimama maimakon wankan janaba a wani dare mai sanyi a yaƙin Zatus Salasil, kuma Annabi (SAW) bai zarge shi ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Amma wannan rangwame na wanda yake tsoron cuta ne kuma ba shi da hanyar ɗumama ruwa. Kai kana gidan da ake hura wuta safe da yamma, saboda haka ka nemi a ɗora maka ruwa tun da dare ka zuba a fulas, ko da za a ƙara maka ɗan kuɗin itace gwargwadon yadda aka saba. Taimama ba ta halatta gare ka sai idan hakan ya gagara, kuma kana da rinjayen zato cewa ruwan sanyin zai cutar da kai, sannan lokacin salla yana neman fita.

Wallahu a'alam.