Kafin ka tura kuɗin na'urar gano kifi, je ka Madarumfa

Wani ɗan kasuwa mai shagon wayoyi da kayan sola a babbar kasuwar Maradi ya aiko da tambaya: "Ɗan wana da ke China ya turo min bidiyon wata na'ura da ake ɗaurawa a jikin kwale-kwale, tana nuna kifi da zurfin ruwa a allo. Ya ce kowace za ta iso min a kan jaka 45, in sayar jaka 80. Ina shirin tura masa kuɗin guda 30, tunda babu mai sayar da ita a nan. Ko in ci bashi in ɗauko 50?"

Alhaji, ajiye maganar bashi tukuna, ba a kai nan ba. Na karanta saƙonka sau biyu ina neman inda za ka ce ka yi magana da masunci ko guda, ban gani ba. Miliyan ɗaya da jaka 350 za ka fitar a kan maganar yaron da bai taɓa jefa taru a ruwa ba, da bidiyon da masu sayar da kayan suka ɗauka da kansu. Kuskurenka ke nan, kuma shi kaɗai ya isa ya cinye jarin.

Na'urar ba ƙarya ba ce. Wani ɗan ƙaramin abu gare ta da ake nutsawa a ruwa a bayan jirgi, shi ke harba sauti ƙasa ya saurari dawowarsa. Sauti na gudun wajen mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, da lokacin tafiya da dawowa take lissafa zurfi. Kifi kuma jakar iskar da ke cikinsa ce ta fi maido da sautin. Amma sautin ba ya game ruwan duka. Yana fita ne a tsuke, yana buɗewa yayin da yake nutsawa, kamar hasken tocila. Da yawa daga cikinsu, in zurfin ruwa mita 3 ne, faɗin abin da suke gani a ƙasa wajen mita ɗaya ne. Faɗin tabarma ke nan. A teku, ko a babban dam mai zurfin mita 30, wurin da take gani ya ninka sosai, nan ne take cin kuɗinta.

To, wane ruwa ne a kusa da kai? Gulbin Maradi na damina ne, da rani yashi ne. Sai tafkin Madarumfa, mai zurfin 'yan mitoci, wanda ke janyewa in bazara ta yi. Masuncin da ya tashi a bakinsa gorar da yake tura jirgi da ita ce ma'auninsa, ya san kowane gurbi tun yana yaro. Tarwaɗa kuwa kwanciya take a laka, na'ura mai araha ba ta cika bambanta ta da ƙasan tafki ba, ga ciyawar ruwa da ke cika allo da alamun da ba kifi ba. Mutumin da ke rancen kuɗin sabon raga wajen dillalin kifi, kana ganin zai ƙirga maka jaka 80 a hannu, ya kuma sayi batir mai volt 12 ya riƙa kai shi caji?

Ka ce babu mai sayar da ita a Maradi, ka ɗauki hakan a matsayin sa'a. Garin nan cike yake da alhazan da suka shekara talatin suna ɗauko kaya ta Kwatano da Lome da Kano. Idan ba su kawo abu ba, fara tambayar dalili kafin ka yi murna.

Na taɓa zama da wani abokina da ƙanen matarsa ya sa shi ɗauko injinan ƙyanƙyasar ƙwai guda 20 daga waje. Lissafin takarda ya yi kyau ƙwarai. Abin da babu wanda ya tambaya shi ne wuta: ƙwan kaza kwana 21 yake buƙata cikin ɗumi ba yankewa. Mutum uku na farko da suka saya ƙwansu ya lalace, suka dawo da injinan suna faɗa a ƙofar shago. Bayan shekara biyu na shiga sitonsa, na ga kwalayen a jere, ƙura ta rufe rubutun jikinsu, ɓera ya ci kusurwar biyu. Kuɗi sun tafi, shi da surukin nasa kuma har yau gaisuwar salla kawai ke haɗa su. Wannan na biyun ya fi yi min ciwo.

Ban ce ɗan wanka macuci ne ba. Amma ka tambaye shi a fili nawa kamfanin ke ba shi a kan kowace guda, kuma ko zai zuba rabin kuɗin daga aljihunsa. Ka kuma tambaye shi ko jaka 45 ɗin ta haɗa da kuɗin dako da na duwan, domin tun 2023 da hanyar Kwatano ta toshe, kawo kaya Nijar ya ƙara tsada da daɗewa. Sannan in wayar abin nan na ruwa ta tsinke, ko ya goge da yashi lokacin da ake jan jirgi bakin gaɓa, wa zai gyara? Wurinka mai saye zai dawo, ba China ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. In ce ya turo guda biyu kawai. In ɗauke su in je Madarumfa, in gaida sarkin ruwa, in roƙi masunta biyu su yi aiki da su mako biyu bayan damina, ruwa na cike, sannan a sake gwadawa da bazara. In riƙe littafi ina rubuta kamun kowace rana, na jirgi mai na'ura da na marar ita. Daga ƙarshe in tambayi kowannensu nawa zai biya yau, kuɗi hannu, ban da bashi. Idan ya ce "a bar min, zan biya bayan kamu", ka sami amsarka.

Mai yiwuwa masu buƙatarta na gaske suna can kogin Kwara wajen Gaya, inda ake da jirage masu inji, ko cikin ma'aikatan da ke auna yadda yashi ke cike tafkuna da madatsun ruwa. Waɗannan sai ka je ka same su, su ba ka oda da kafin alƙalami, sannan ka tura kuɗi. Sauran jarin ka bar shi cikin fanon sola da batir, kayan da ka san masu sayensu da sunansu.