Sifikar amfilifayar bes tana ɗaukewa: waya ce, ko ta ƙone?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina kaɗa gitar bes a wuraren biki, amfilifayata kuma irin wadda take haɗe da sifikarta ce a akwati guda, sifika mai inci 15. Kwanan nan ta fara yankewa, musamman in na taɓa tsirkiya mai kauri: sai sautin ya yi ƙarar-ƙarar ya ɗauke, in na bugi akwatin da hannu ya dawo. Na buɗe na tarar baƙar waya ta saki, na murɗe ta na naɗe da salatif. Ta yi kwana biyu lafiya, ta koma gidan jiya. Na kuma aro wani akwatin sifika na jona, maimakon bes ya ƙaru sai ya rage nauyi, bayan amfilifayar kuma yana ɗaukar zafi sosai. Sifikar ce ta ƙone, ko waya ce?

Daga wani mai kiɗan bes a Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka. Sifikar da ake bugun akwatinta ta dawo da magana, da wuya a ce ta ƙone. Wadda koyil ɗinta, wato naɗin siririyar waya da ke motsa faifanta, ya ƙone ko dai ta yi shiru ɗungurungum, ko ta riƙa gurzar sauti ba ɗagawa. Taka akwai wani mahaɗi da ya yi sako-sako, yana taɓawa yana saki. Sai dai ina roƙonka ka daina fita da ita aiki har sai an gyara. Murɗaɗɗiyar waya a cikin salatif ba ta jure akwatin bes, zafi ne zai narkar da danƙon salatif ɗin, girgiza kuma ta warware murɗin. Ranar da tsirarar jar waya ta taɓa baƙar alhali kana tsakiyar kiɗa, transistocin da ke tura sauti za su iya lalacewa nan take, aikin da ɗan guntun waya zai magance ya koma babban gyara.

Dalilin da ya sa tsirkiya mai kauri ce ke tona matsalar shi ne, sautinta yana kaɗawa kusan sau 41 ne kawai a daƙiƙa. Kafin sifika ta fitar da irin wannan amo, dole faifanta ya yi gaba da baya da nisa, akwatin duka ya ɗauki rawa. Amfilifayar bes da kanta take kwance wayoyinta a hankali, ga kuma jijjigar bayan mota ko a-daidaita-sahu a hanyar zuwa wurin biki.

Ka cire fulogi daga wuta tukuna, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Aikin da zan kwatanta maka duk a ɓangaren sifika yake, ba sai ka zaro injin ba. Manyan kafasitocin da ke cikinsa suna riƙe wuta bayan an kashe, don haka kada hannunka ko sukundirebarka su je can. In kuma amfilifayarka irin mai kwalabe ce, wato mai bawul, kada ka taɓa kunna ta sifika na cire, domin tiransfomar da ke fitar da sauti tana iya lalacewa.

Kwantar da akwatin a bayansa, ka kwance ragar gaba, sannan sukurorin sifikar. Ka riƙe sukundireba da kyau, ka kare gefen faifan da ɗaya hannun, don in ta zame a kan takardar sifikar take sauka ta huda ta. Kafin ka zare waya ko ɗaya, ɗauki hoto da wayarka ta hannu yadda za ka tuna wace ke ina.

Yanzu awo, kuma a nan ne nake so ka ba da lokaci, domin yawancin masu gyara dalma suke fara ɗauka kafin mita, wato na'urar awon lantarki. Zare wayoyin biyu daga sifikar, ka sa mitarka a kan awon om (ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki) mafi ƙanƙanta, ka ɗora bakunanta a ƙafafun sifikar. Sifikar da aka rubuta om 8 a bayanta za ta nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 kuma kusan 3. Wannan daidai ne, kada ka ɗauka ta lalace don ba ta nuna lambar da aka rubuta ba. In mitar ba ta motsa ba sam, koyil ko wayarsa ta tsinke. In ta nuna kusan sifiri, koyil ɗin ya haɗe. In ta nuna daidai, kada ka yi saurin murna. Ka bar mitar a jone, ka baje yatsunka a kewayen hular da ke tsakiyar faifan, ka danna a hankali ka saki. Kunnenka yana sauraro, idonka yana kan mita. Jin karce kamar ana gurza yashi alama ce koyil ya gurɓace ko yana gogar maganaɗisu, wannan sai a kai wa masu naɗin sifika. In ba karce amma lambar tana tsalle ko tana ɓacewa, to ka juya sifikar ka duba bayanta.

A can za ka ga wasu wayoyi biyu masu laushi, saƙaƙƙu kamar kitso, sun tashi daga ƙafafun sifikar sun shige cikin takardar faifan. Su ne suke lanƙwasa duk lokacin da faifan ya motsa, kuma su ne aka fi mantawa da su. Sukan gaji su tsinke daidai bakin dalma ko daidai inda suka shiga takarda, a ido kuma su yi kamar lafiyarsu ƙalau. Taɓa kowace da tsinken ashana kana kallon mita. In a bakin ƙafa ta tsinke kuma akwai sauran tsawo, ana iya sake kama ta da dalma, amma da sauri, don in dalma ta bi cikin saƙar sai wayar ta sandare ta sake karyewa nan gaba kaɗan. Ka bar mata ɗan lanƙwasa, kada ta yi tsam-tsam, kada kuma ta yi tsawon da za ta riƙa marin faifan. In a jikin takarda ta tsinke, ba aikin gida ba ne, sai an canza ta gaba ɗaya.

Baƙar wayar da ka ɗaure kuwa, shawarata ka cire ta ka sa sabuwa tun daga tushe, kada a yi ƙari a tsakiya. Ka nemi waya mai silli da yawa, kaurin milimita 1.5, ta jan ƙarfe zalla. A kasuwa akwai wadda alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. In ka kankare sillinta da wuƙa za ka ga fari a ciki, ba ta da nauyi, tana saurin karyewa kuma ba ta son dalma. Ka guje ta. In bakin wayar irin mai ɗan ƙarfen da ake turawa a ƙafar sifika ne, ka matse shi da filaya har sai ya shiga da ƙyar, in ya yi tsatsa ka kankare ko ka canza. Ni dai a akwatin bes na fi son a kama da dalma kai tsaye. Zura wayar ta cikin hudar ƙafar, ka lanƙwasa ta ta riƙe kanta, ka ɗora ƙarfen dalma a kan waya da ƙafar tare, sannan ka kawo dalmar ta narke a jikinsu, ba a jikin ƙarfen ba. Mahaɗi mai kyau yakan fito sumul yana ƙyalli; wanda ya dunƙule ya yi toka-toka bai kama ba, a sake. Ka shimfiɗa tsumma a kan faifan saboda ɗigo, kuma ka yi amfani da dalmar masu gyaran rediyo, kada ka kusanci ruwan asid na masu liƙin kwano, yana cinye waya. Bayan nan ka ɗaure wayoyin a jikin akwati yadda ba za su riƙa lilo suna taɓa faifan ba.

In duk wannan lafiya amma tana ci gaba da ɗaukewa, duba ramin da ake sa abin saurare na kunne da ramin ƙarin sifika. A amfilifayoyi da yawa sautin sifikar ciki ta cikin wani ɗan harshen ƙarfe da ke ramukan nan yake bi, ƙurar hunturu da tsatsa kuma suna hana shi kamawa. Fesa maganin wanke mahaɗan lantarki, ka zura fulogi ka zare sau da yawa.

Maganar akwatin aro, abu biyu ne suka haɗu. Raguwar bes alama ce sifikun biyu suna saɓa wa juna: ɗaya na turo iska waje, ɗaya na ja ciki a lokaci guda, sai ƙasan sautin ya kashe kansa. Ko dai wayar aron a juye take, ko kai ka juya taka lokacin ɗaurin. Gane wannan da batir ne. Cire sifikar daga amfilifaya, ka taɓa ƙafafunta da batirin tocila mai volt 1.5 na ɗan ƙiftawar ido. In faifan ya turo waje, ƙafar da ke kan kan batirin ita ce ta jar waya. Ka yi wa akwatin aron haka ta bakin wayarsa, ka tabbatar duka biyun waje suke turowa. Ƙaramar sifikar siririn sauti ban da ita a wannan gwaji.

Zafin kuma lissafin om ne. Sifiku biyu masu om 8 in aka jona su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙa da baƙa, om 4 suke komawa. Mai 8 da mai 4 suna ba da kusan 2.7, biyu masu 4 kuma om 2. Karanta rubutun da ke kusa da ramin sifika a bayan amfilifayarka, yawancinsu om 4 ne iyakarsu, ƙasa da haka injin yana jan wutar da ta fi ƙarfinsa. In sifikarka ta ciki mai om 4 ce, ba ta da wurin ƙari, ka mayar wa mai akwati abinsa. Sannan kada ka jona akwati da wayar gita don kawai bakinsu iri ɗaya ne. Sillin cikinta siriri ne, an yi shi don ɗan ƙaramin sigina, wutar sifika tana ɗumama shi har ya narke ya haɗe. In duka ɓangarorin suna da soket irin Speakon mai murɗawa ya kulle, shi ya fi.

Kafin ka mayar da wayoyi kan sifikar, in amfilifayar ta transista ce, raba bakunansu nesa da juna, ka kunna, ƙara a ƙasa, ba gita a jone, ka auna tsakaninsu da mita a kan volt na DC, wato wuta irin ta batir. Ya kamata ka ga kusan sifiri, 'yan milivolt kawai. In ka ga volt guda ko fiye, kashe ka kai wa mai gyara, domin haɗewar da ta faru a baya ta riga ta taɓa injin kuma zai ƙone duk sifikar da aka jona masa. Kada kuma ka haɗa baƙar waya da ƙarfen jikin amfilifaya, a sababbin ƙira da yawa ita ma tana ɗauke da wuta. In awon ya yi kyau, kashe, ka jona, ka ɗaure sukurori ɗaya nan ɗaya a kishiyarsa har sifikar ta zauna daram ba inda iska ke fita. Fara da ƙara kaɗan, ka kaɗa tsirkiyar nan mai kauri kana ƙarawa a hankali, kana bubbuga akwatin ta kowane gefe. In ta jure minti goma sha biyar a haka ba ƙarar-ƙarar, bayanta kuma ɗumi ne kawai wanda hannu ke iya zama a kai, ka mayar da ragarta.