Ƙungiyarmu ta tsibiri na neman durƙushewa, ko tallafi ne mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar gama-kai ta masunta a tsibirinmu. Wata uku ke nan injin ƙanƙararmu ya lalace, babu kuɗin gyara, kifi na ruɓewa kafin jirgin fito ya zo, matasa kuma sai barin tsibirin suke yi. Wani mutum ya ce mu biya shi ya sake mana rajista ƙarƙashin tsarin tattalin arzikin taimakon juna don mu samu tallafi, wai irin wannan ƙungiya ba ta cin riba. Hankalina ya tashi. Mu bi shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku ba shi ko sisi. Rajista aikin ofis ne da kai ma za ka iya da ƙafarka, kuma babu takardar da ta taɓa tayar da mataccen inji.

Abin da ya fi damuna shi ne maganarsa ta ƙarshe, wai ba a cin riba. Kusan kullum sai na ji ta, kuma ta kashe ƙungiyoyi fiye da yadda sata ta kashe. Ku duba ma'anar tattalin arzikin taimakon juna da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a 2022, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauka a ƙudurinta na Afrilun 2023: a fifita mutane da manufar al'umma a kan jari wajen raba rarar da aka samu da kuma amfani da ita. To, ina rarar da za a raba in ba a samu ba? Dokar Faransa ta 2014 kan wannan fanni cewa ta yi mafi yawan ribar a mayar da ita cikin sana'ar, a kuma ware ajiyar da mambobi ba su da ikon rabawa. Abin da aka hana shi ne mutum ɗaya ya kwashe don ya fi kowa zuba kuɗi.

Ban ga littafinku ba, amma bari in ƙaddara abin da ya faru. Kun riƙa sayar wa mambobi ƙanƙara a farashin man da inji ya sha kawai, don kada a ce kun zama 'yan kasuwa. Wani ya ɗauka bashi, aka ji nauyin tambayarsa saboda ɗan'uwa ne, a tsibiri kuwa kowa ɗan'uwan kowa ne. Babu wanda ya lissafa cewa injin yana tsufa kullum. Ranar da ya tsaya, aka buɗe akwati babu komai. A tudu makaniki na iya zuwa da yamma. Ku kuwa sai an biya masa jirgi, an ba shi masauki, ya duba ya ce babu kayan gyaran, a sake jiran wani jirgin, in ma iska ta bari ya taso. Asusun ko-ta-kwana na mutanen tsibiri dole ya fi na kowa kauri, amma ga wani ya zo da jaka yana koya muku ku zauna babu ajiya!

Ba na ƙin tallafi. Mutanen tsibirin Eigg a Sikotland sun sayi tsibirinsu a 1997 kan fam miliyan 1.5, akasarinsa gudummawar jama'a ne daga waje. Amma da suka kunna wutar lantarkinsu a 2008, kowane gida biya yake yi, an kuma ƙayyade masa kada wutar da zai ja a lokaci guda ta wuce kilowat 5, wuraren sana'a kilowat 10, sannan 'yan tsibirin ne aka horar su kula da injinan. Tallafi ya sayi kaya sau ɗaya, kuɗin masu amfani ke riƙe da su. Haka masuntan tsibirin Fogo a Kanada: a 1967, lokacin da gwamnati ke kwashe mutanen ƙananan garuruwan gaɓa, suka kafa ƙungiyar gama-kai, suka shiga ƙera jiragen kamun kifi da sarrafa kifinsu da kansu suna sayarwa a kasuwa. Matashi na zama ne inda akwai aikin da ke biyansa.

Ka kira babban taro cikin makon nan. Ka karanta sunayen masu bashi a gaban kowa, da naka in kana ciki. Ku nemi makaniki ya rubuta kuɗin gyara, kowane mamba ya ƙara hannun jari gwargwadon kifin da yake kawowa. Sabon farashin ƙanƙara ya haɗa mai, ladan mai kula da inji, da wani kaso na sayen sabo idan wannan ya gama. Ku zaɓi matasa biyu su tsaya kan makanikin har ya gama, su koya, ku kuma sayo ƙananan kayan gyara ku ajiye. Bayan wata shida kuna rubuta shiga da fita, ku ɗauki littafin ku je neman tallafi da kanku.