Fara podkas da ƙaramin jari a Nima

Malam, ka tambayi yadda za ka fara shirin podkas, wato shirin murya da ake saurara ta intanet, a unguwar Nima da ke Accra alhali kuɗinka kaɗan ne. Wayarka ta isa wajen ɗaukar murya, domin abin da ya fi ɓata shiri a unguwarmu hayaniya ce, ba rashin kayan aiki masu tsada ba. Ni nakan ɗauki muryata bayan sallar asuba, kafin motocin trotro su cika titi, a ɗaki mai katifa da labule, saboda suna shanye amsa-kuwwa. Manhajar Audacity ta kwamfuta kyauta ce wajen tace sauti, haka ma Spotify for Creators wajen ɗora shirin. Ka riƙa tura guntaye a WhatsApp kowane mako ba fashi. Kada ka sa waƙar wani ba izini. Idan kana buƙatarta, tuntuɓi GHAMRO, ƙungiyar da ke kula da haƙƙin mallakar waƙoƙi a Ghana, tukuna.