Hukuncin Yaƙin 'Yan Wasa a EVE Online: Farfasa Jirgi, Ganima da Kuɗin Fansa

Tambaya

Assalamu alaikum. Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ina buga wasan intanet mai suna EVE Online, inda kowa ke tuƙa jirgin sama jannati. Abokaina suna jana zuwa yaƙi da wasu 'yan wasa: mu tare mutum, mu farfasa masa jirgi, mu kwashe kayan da suka zube, wani lokaci a ce ya biya fansa kafin a sake shi. Wasu jiragen kuwa da kuɗin gaske aka saye su. Shin akwai zalunci ko caca a ciki? Idan ya halatta, yaya zan shiga ba tare da na yi asarar banza ba?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ba a yanke wa abu hukunci sai an san yadda yake. Kamfanin CCP na ƙasar Ayislan ne ya fitar da wasan a shekarar 2003, kuma ƙa'idarsa ta bambanta da ta yawancin wasanni: jirgin da aka farfasa ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Kowace na'ura da ke jikinsa tana da damar kashi 50 cikin 100 ta tsira a cikin tarkace, wanda ya riga isa ya ɗauka. Kuɗin cikin wasan sunansa ISK. Ana samunsa da aikin cikin wasan, ko kuma a sayi PLEX, wato wani kaya na wasan da ake biyan kuɗin rajista da shi, daga kamfanin da kuɗin gaske a sayar da shi a kasuwar wasan. Akasin haka, wato mai da ISK dala ko naira, kamfanin ya hana, yana rufe asusun wanda ya kama. Yarjejeniyar da kowa ke amincewa da ita kafin ya shiga ta bayyana cewa duk kayan cikin wasan mallakar kamfanin ne.

Asalin wasa da nishaɗi halacci ne matuƙar bai haɗu da haram ba. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci. Gaskiya ne mazhabarmu ta Malikiyya ta tsananta a kan wasan lido irin na da, wanda ake kira nardu, da kuma shaɗaranji; Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ba ya halatta a yi wasa da su. Nardu nassi ne ya hana shi, a hadisin Muslim. Shaɗaranji kuwa malamai sun saɓa, kuma illar da masu hanawa suka fi ambata ita ce caca da shagala daga sallah. Don haka abin da muke rinjayarwa game da wasannin kwamfuta shi ne hukuncinsu yana bin abin da ke cikinsu da abin da suke jawowa.

Farfasa jirgin wani a yaƙin da dokar wasan ta yarda da shi ba ƙwace ba ne, ba ɓarnar dukiyar wani ba ce. Dalili biyu ne. Na farko, jirgin ba dukiyarsa ba ce da zai iya fitarwa ya sayar a halal. Abin da ya biya kuɗi a kai shi ne damar amfani bisa sharuɗɗan da ya karɓa. Na biyu, yarda. Duk wanda ya fito daga tasha ya san ana iya harbinsa, kuma wasan yana gargaɗin sabon ɗan wasa kafin ya tsallaka yankin da makin tsaronsa ya gaza 0.5 (kowane yanki yana da makin tsaro, 1.0 ne mafi girma). Wanda ya shiga da'irar kokawa ba ya kai ƙarar wanda ya kayar da shi. Hadisin Abu Dawud da ya hana mutum ɗaukar kayan ɗan'uwansa ko da wasa yana magana ne a kan wanda bai yarda ba, bai ma sani ba. Ganimar tarkace tana bin wannan hukuncin.

Akwai shubuha mai ƙarfi da ya kamata a tsaya a kanta: kowane ɓangare ya saka jirginsa cikin haɗari, wanda ya yi nasara ya kwashi kayan ɗan'uwansa, to wannan ba siffar caca ba ce? Amsa ita ce caca ƙulla yarjejeniya ce a kan dukiya, kowa ya zuba, mai rinjaye ya kwashe. A yaƙin yau da kullum babu abin da aka ƙulla, kuma abin da ake samu ba ya fita daga wasan. Amma idan mutum biyu suka ce mu gwabza, wanda ya faɗi ya biya ISK miliyan 100, to sun ƙulla caca, wannan a bar shi. Haka tsarin HyperNet da kamfanin ya shigo da shi a 2019, inda ake sayen tikiti a kan kaya ɗaya, a jefa ƙuri'a, mutum ɗaya ya ɗauka sauran su tashi hannu rabbana. Wannan shi ne maisir da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana. Kada a ce ai kuɗin wasa ne, domin ISK yana sayen PLEX, shi kuma PLEX yana biyan kuɗin rajistar da wasu ke biya da kuɗin aljihunsu. Kasancewar kamfani ne ya buɗe ƙofar ba ya halatta shigarta.

Inda mafi yawan zunubin wannan wasa yake shi ne harshe. Jirgin zane ne a allo, amma wanda ke bayan allon ɗan Adam ne, kuma maganar da ka faɗa masa magana ce ta gaske da mala'iku ke rubutawa. Dokar wasan ta bar damfara da cin amana ba tare da hukunci ba. Shari'a ba ta bar su ba. Dabarar yaƙi daban ce: ka ajiye jirgi mai kama da rauni a matsayin tarko alhali abokanka suna bayan ƙofar da ake tsallakawa daga yanki zuwa yanki, ka yi kamar kana gudu don ka raba abokan gaba, ka ɓoye yawan rundunarka. Wannan duk ya halatta, kowa ya shigo da saninsa, kuma ba ka furta ƙarya ba. Amma ka ce wa mutum "biya miliyan 50 in sake ka," ya biya, sannan ka harbe shi, wannan saɓa alkawari ne, ɗaya daga alamomin munafuki uku da suka zo a Bukhari da Muslim. Neman fansar ita kanta ba laifi, tunda sulhu ne a cikin dokar wasan, da sharaɗin ka cika. Shiga ƙungiya da sunan abota na watanni don ka kwashe rumbunta ko ka buɗe wa maƙiya ƙofa ha'inci ne. Kwangilolin yaudara da ake tallatawa a Jita, babbar kasuwar wasan, inda ake ɓoye sifili ko a musanya kaya da mai kama da shi, suna ƙarƙashin faɗin Annabi (SAW) cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Wanda kuma ya haɗa da rantsuwa da sunan Allah ya ninka laifinsa. Ba a keɓe wanda ba Musulmi ba a cikin wannan. Amana amana ce.

Sai harin ƙunar baƙin wake a yankin tsaro, daga 0.5 zuwa 1.0, inda gungun mutane ke hawa jirage masu araha irin Catalyst su kashe jirgin dako kafin 'yan sandan CONCORD su iso su hallaka su. Dokar wasan ta yarda da shi, saboda haka ba za mu kira shi ƙwace ba. Sai dai niyya tana canza shi. Mai yi don ganima yana kan asalin halacci. Mai farautar sababbin shiga don ya ji daɗin ɓacin ransu, ya bi su da izgili, wannan cutarwa ce da gangan, haramun ce, kuma kamfanin ma yana hukunta masu takura wa sababbi a wuraren da suke farawa.

Game da ɓangare na biyu na tambayarka, hana asarar banza shi ma umarnin shari'a ne, domin Allah Ya ƙi mana tozarta dukiya. Kada ka sayi PLEX don ka hau jirgin da ba ka iya tuƙawa. Ka fara da ƙananan jirage na matakin farko, Rifter ko Merlin ko Tristan ko Punisher, ka haɗa guda goma iri ɗaya ka ajiye a tasha ɗaya kusa da fagen yaƙi, ka ɗauka tun farko cewa duka za su tafi. Ka yi musu inshorar cikin wasan ta matakin ƙoli; ba kwangila ba ce da wani mutum, tsarin wasan ne, babu laifi. Wurin koyo mafi dacewa shi ne sansanonin yaƙin dauloli a yankin 0.1 zuwa 0.4, domin ƙofar ƙaramin sansani ba ta barin manyan jirage su shiga, wanda zai zo maka tsararka ne.

Faɗan ƙananan jirage tazara ce ke yanke shi. Na'urar hana tserewa iri biyu ce. Mai dogon zango ta mataki na biyu tana kama jirgi daga kilomita 24, amma ba ta rage masa gudu. Mai gajeren zango, wadda 'yan wasa ke kira sikiram, iyakarta kilomita 9, sai dai tana kashe injin tsananin gudu na abokin gaba nan take. Na'urar rage gudu tana aiki a kilomita 10, ta mataki na biyu tana cire kashi 60 cikin 100 na saurinsa. Daga waɗannan lambobi salon faɗa ke fitowa. Mai bindigar kusa yana so ya rungume ka a ƙasa da kilomita 2. Mai bindigar nesa yana zagaya ka a kilomita 18 zuwa 20, kuma ranar da ya bari ya faɗo ƙasa da kilomita 13 ya mutu, domin idan aka ƙure wutar na'urar rage gudu, wato aka sa ta aiki fiye da ƙa'idarta, tana kaiwa 13, sikiram kuma kusan 11. Kafin ka karɓi faɗa ka tambayi kanka: a wace tazara bindigata ke ci, a wace tazara tasa ke ci, wa ya fi sauri? Idan ya fi ka sauri kuma ya fi ka zango, ka bar wurin tun bai kama ka ba.

Kurakuran da ke kashe masu koyo sanannu ne. Tunkarar babban jirgi kai tsaye yana sa bindigoginsa su same ka daidai, saboda ba ka gilma musu. Ka shiga a karkace, ka zagaya shi kusa. Barin injin tsananin gudu a kunne bayan ka iso yana shanye batirin jirgi, yana kuma kumbura girmanka a idon makaman abokin gaba har ninki shida. Ƙure wutar na'ura yana ƙara ƙarfi, amma idan ka manta ta ƙone ƙurmus, ba ta sake aiki sai a tasha. Harsashi ma zaɓi ne: garkuwar waje ta fi rauni ga makamin lantarki, sulken ƙarfe ya fi rauni ga mai fashewa. Ka riƙa danna na'urar hangen kewaye, wadda ke gani har AU 14.3 (AU ɗaya ita ce tazarar duniyarmu da rana), ka kuma sa ido a jerin mutanen da ke yankin. Idan suka ƙaru da biyar a lokaci guda, wanda kake faɗa da shi tarko ne. Idan ka ga jirginka ya kusa fashewa, ka daina harbi, ka zaɓi wata duniya ko rana ka yi ta danna umarnin tafiya don kwanson matuƙi ya tsira. A yankin 0.0 akwai kumfar da ke tsare kwanson ma, saboda haka kada ka je can da dashe masu tsada, wato na'urorin da ake dasawa a kan matuƙi. Bayan tsallaka ƙofa kana da daƙiƙa 60 a ɓoye; ka yi amfani da su ka duba, kada ka motsa a firgice.

Sallah ita ce sharaɗin da idan ya faɗi, halaccin duka ya faɗi, domin illar da Allah Ya ambata a aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ita ce kangewa daga ambaton Allah da sallah. A nan sanin agogon wasan yana da amfani. Bayan ka harbi ɗan wasa ba za ka iya shiga tasha ko tsallaka ƙofa ba sai daƙiƙa 60 sun wuce, kuma idan ka kashe kwamfuta kana sarari, jirginka yana nan har minti 15, ana iya gano shi a farfasa. Wannan tsoron ne ke riƙe mutane a kujera har jam'i ya wuce. Maganinsa ka daina karɓar faɗa minti 20 kafin kiran sallah, ka shiga tasha, a can babu mai taɓa ka. Agogon wasan yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya, kuma rundunonin Turai sun fi fita da yamma, daidai Magariba da Isha'i a wurinmu. Ka faɗa wa jagoran runduna tun kafin a tashi cewa za ka tsaya a lokaci kaza, ka guji ɗaukar aikin da rundunar ba ta iya yi ba tare da kai ba, kamar gyaran jiragen abokai. Manyan yaƙoƙi kuwa, irin na B-R5RB a Janairun 2014 da ya ɗauki kusan awa 21, ba a shigarsu sai da niyyar fita idan lokaci ya yi, ko da jirgin zai tafi. Asarar jirgi ba uzuri ba ce na jinkirta sallah daga lokacinta.

Ka kashe kiɗan wasan, ka fita daga duk zauren murya da batsa ko zagin addini suka mamaye, kada kuma kuɗin rajista ya taɓa haƙƙin iyali ko na iyaye. Idan ka ga wasan ya fara cin karatunka ko sana'arka, ko kana tashi daga kansa da ƙullin wani a zuciya, to a haƙƙinka ya zama abin bari, ko da ya halatta ga waninka.

Wallahu a'alam.